Sunan da Garba Bai Taɓa Faɗa Ba

Wannan takarda taku ce, ku 'ya'yan yanzu, ku da na ji kuna dariya ranar suna a Woolwich kuna zaton kunnena ya tsufa. Wai aikin Gwaggo Asabe ma aiki ne? Wai ka danna suna a waya kawai, kakanka ya faɗo kamar biredi daga na'urar gashi. To madalla. Ni ce Asabe ta Plumstead, mai neman matattu a cikin takarda. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan sana'a, ban taɓa ganin mamacin da ya fito don an danna shi ba. Binsa ake yi gida-gida, a yi masa sallama, in ya ga dama ya amsa.

Da tsintsiya na shiga sana'ar. Reno ne ya kawo ni London, gidan babban nan nawa, lokacin da matarsa ta haihu. Jikoki suka yi wayo suka tafi makaranta, suka bar ni da bango huɗu da talabijin mai yaren da ba na ji. Sai wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta samo mini shara a wani ɗan ofis a Bloomsbury, saman shagon littattafai. Mai ofishin sunanta Madam Beril, Baturiya doguwa kamar taɓarya, mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Aikinta neman dangin mutanen da suka mutu ba kowa kusa da su, da neman kakanni ga wanda nasa suka ɓace masa.

Wata safiya ina goge ƙarƙashin teburinta, sai na ji tana faɗa da wata takarda. Wani tsoho ɗan Najeriya ne ya mutu a flat ɗinsa, sunansa Gambo, ta yi wata biyu tana neman danginsa. Ta ce wa takardar, "Kai dai ba ka da kowa a duniya." Turancina a lokacin bai cika cokali ba, amma wannan na ji shi. Na miƙe da tsumma a hannu na ɗaga mata yatsu biyu, na ce yana da yayye, kuma tagwaye ne. Ta sauke tabarau ɗaya ta ɗora ɗaya, ta ce na san shi ne? Na ce ban taɓa ganinsa ba, amma a wurinmu ba a ce wa yaro Gambo sai in tagwaye ya biyo. Bayan sati uku ta samo Hassana da ranta a Zariya. Ranar ta karɓe tsumman daga hannuna ta jefa a kwando, ta jawo mini kujera.

Ni ban taɓa zama a ajin boko ba, ko na awa ɗaya. A takardar mutuwa na koyi karatu. Madam Beril ta shimfiɗa mini ita, ta nuna mini gidajenta ɗaya bayan ɗaya: nan rana da wuri, nan suna, nan shekaru, nan sana'a, nan abin da ya zama ajali, nan kuma wanda ya je ya kai rahoto. Kalmar farko da na iya karantawa da Turanci ita ce ciwon huhu, don shi ya fi ɗibar mutanen da. Na yi wata shida ina karanta tarin fuka da farfaɗiya da faɗowa daga tsani, amma in na shiga kanti ban iya raba gishiri da sukari a jikin leda ba. Sau biyu jikokina suka sha kunu mai gishiri, har yau suna riƙe da ni. Rubutun nan da kuke gani a karkace na mamata ne, a wurinsu na kwaikwaya.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Fensir, don ɗakin adana takardu ba a shiga da biro, in suka gan ka da shi sai su bi ka kamar ka shigo da wuƙa. Madubin ƙara girman rubutu. Katin bas na tsofaffi. Goro, don barci yana son tsohuwar takarda. Sai babbansu, faifai. Bature yana zana bishiya a takarda, ni a faifai nake jera zuriya, yadda kakata take yi in ana son sanin wa ya halatta ya auri wa. Wake namiji, gyaɗa mace, dabino kuma shi ne wanda ake nema. Wani lauya ɗan Sakkwato ya taɓa zuwa neman kakansa da ya yi soja. Ina bayani yana ta "haka ne, haka ne", hannunsa yana zuwa yana dawowa. Da na dubi faifai na ce, "Ranka ya daɗe, ka cinye kakarka da ƙannenta biyu." Mutumin nan ya yi salati ya dafe ciki.

Masu zuwa wurina, rabinsu babban mutum suke nema. Wata Hajiya mai shagon atamfa ta rantse kakanta alƙali ne da ya zo ƙaro ilimi. Takarda ta ce wankin kwanuka yake yi a otal. Ta ce in ɗan gyara. Na ce, "Hajiya, ni ba na yi wa mamaci ƙarin girma, ba na rage masa. Da kwanukan nan ya reni babanki." Ta yi fushi wata guda, daga baya ta aiko mini da turmi.

Abin da wayarku ba za ta gaya muku ba shi ne, takarda ma tana ƙarya, cikin ladabi. Ƙidayar Turawa duk shekara goma ake yi, a rubuta duk wanda ya kwana a gida ranar, da shekarunsa da sana'arsa. Na taɓa bin wata mata ƙidaya uku. A shekara ashirin, tara kacal ta ƙara, Allah ya ba mu irin jininta. Takardar mutuwa kuwa ba mamaci ne ya cika ta ba. Saboda haka kafin ka yarda da abin da ke ciki, ka dubi wanda ya kai rahoto. In maƙwabci ne, rabi zato ne. In ɗa ne, ka tambayi kanka wane ɗan, kuma me ya sa sai shi.

Madam Beril ta rasu ta bar mini madubinta da akwatin katunanta, na dawo da aikin falona a Plumstead. Sai mummunar shekara ta zo, shekarar kullen korona. Aka rufe ɗakunan takardu, aka ce tsofaffi kar su leƙa ko ƙofa. Mutane suna zaune a gida suka kama wani sabon yayi: ka tofa yawu a 'yar kwalba ka aika, a ce maka kai ɗan Afirka ta Yamma ne. Sannu da ƙoƙari! Yawu ne zai gaya maka unguwa? Wata tara wayata ba ta yi ƙara don aiki ba, sai masu tambaya ko har yanzu ina yin dambun nama. A shekarar nan na dafa kayan aikina. Zuriya huɗu na zuba a tukunya da shinkafa, na sa mai da yaji, kuma wallahi sun yi daɗi.

Abin da ya tashe ni shi ne buɗe ƙidayar 1921. Dokarsu ita ce takardar ƙidaya sai ta shekara ɗari a kulle kafin a bari a gani. Da aka buɗe, mutane suka danna, kamar yadda kuke faɗa, suka ga abin da ba su iya fassarawa ba, rigima ta tashi a gidaje. A cikin waɗanda rigimar ta koro mini har da Shila.

Shila Baturiya ce in ka hango ta daga nesa, in ta matso sai ka ga goshin namu ne. Shekararta saba'in da huɗu, ta yi ritaya daga dafa abincin 'yan makaranta. Ta zauna a falona da gwangwanin biskit cike da takardu. Ta ce kakanta sunansa Garba, Bahaushe, mai zuba gawayi a tukunyar jirgin ruwa. Ya sauka a Canning Town ya auri Baturiya mai suna Nel, suka haifi huɗu. Na farkon shi ne Musa, mahaifin Shila. Kabarin Garba ya daɗe ba alama, sai jikoki suka haɗu za su kafa dutse da sunayen 'ya'yansa a jiki. Mai riƙe da maganar shi ne Denis, ɗan ƙanen babanta. Denis ya ce suna uku za a sassaƙa, ba huɗu ba, don Musa ba ɗan Garba ba ne. Mai sassaƙa kuwa zai sa guduma nan da sati uku.

Hujjar Denis uku ce. Ta farko takardar haihuwar Musa, gidan sunan uba fayau, ba komai. Ta biyu ƙidaya: a gidan Garba ba Musa, yana can layi biyu gaba, a wurin wani Ɗanladi mai gidan kwanan ma'aikatan jirgi, an rubuta shi ɗa. Ta uku kuwa Shila ta faɗe ta da bakinta.

"Misis Asabe, babana ya mutu yana faɗar magana ɗaya. Ya ce tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. In ya shigo ɗaki, tsohon sai ya kalli bango. Sauran yaran yana ɗaukarsu a wuya, shi ko kansa bai taɓa shafawa ba."

Na ce, "In zai ba shi wani abu fa, yaya yake yi?"

"Sai ya ajiye a tebur ya ce wa kakata, ba wancan."

"Abu mai kyau yake ajiyewa, ko tarkace?"

Ta ce, "Agogonsa ya ajiye. Ga shi nan a gwangwani."

Jama'a, dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har ɗankwalina ya zame, baiwar Allah ta fara tattara takardunta za ta tafi. Na riƙe mata hannu na ce, "Zauna, 'yar Musa. Babanki ɗan Garba ne, ɗan fari ma kuwa. Kunya ce." Na yi mata bayani da Turancina mai ɗingishi. A wurinmu, musamman mutanen da, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban jama'a, sau da yawa ma ba a riƙe shi, sai a ba kaka ko amini ya rena. Ta ce, to wannan so ne ko ƙi? Na ce wanda aka fi ji da shi ake wa haka. Ta dube ni kamar na ce mata ruwan kogin Thames zuma ne.

Amma dariyata ba hujja ba ce. Denis takarda ya kawo, da takarda za a tare shi. Na aika a turo mini takardar auren Garba da ta mutuwarsa, na yi booking ɗin kujera a ɗakin takardu don in duba jerin ma'aikatan jirage. Kwana huɗu ina hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ina sauka, gwiwata tana zagina a kowace matakala. Jerin ya nuna Garba yana tsakiyar teku watan da aka haifi Musa. A dokar Turawa, in ba a yi auren rajista ba, kuma uba bai zo da ƙafarsa ba, ba a rubuta sunansa. Auren rajistar sai bayan shekara biyu aka yi, shaida kuwa Ɗanladin nan ne. Zuciyata ta ba ni tun kafin nan an shafa fatiha a gidansa, amma wannan ba takarda, don haka ban ɗora shi a faifai ba.

A takardar aure akwai gidan sunan uban ango. Na ɗora madubin Madam Beril a kai. Musa, mahauci. Na yi kabbara da ƙarfi har maƙwabciyata ta buga bango. Ashe kunyar biyu ce, ɗan fari kuma mai sunan mahaifin Garba. Wane Bahaushe ne zai buɗe baki ya ƙwala wa sunan ubansa kira, ya aike shi sayen ashana? Takardar mutuwa ta iso saura kwana biyar a sa guduma. Na tsallake komai na nufi gidan mai rahoto. Musa, ɗa, yana wurin lokacin da rai ya fita.

Aka sa haɗuwa a wani shagon shayi a Lewisham, ranar Asabar da hantsi. Gwiwa ta ƙi tube ranar, sai babban nan nawa ya kai ni a mota, ya zauna a gefe yana shan kofi. Denis tsohon direban bas ne, ƙato, da fayil a hammata. Na ture kofuna na kafa faifai a tebur. Ga Garba, ga Nel, ga 'ya'ya uku a jere, ga dabino can gefe shi kaɗai. Na bi takardu ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara, ba laifi, mutum ne mai adalci, taurin kai ne kawai.

Ya ce, "Jirgi na ji. Sunan kaka na ji. Amma uba ya yi shekara arba'in bai kira sunan ɗansa ba, wai saboda so? Madam, wannan tatsuniya ce. Ba mutumin da ke haka."

Ya juya wurin wanda ya kawo ni, yana neman namiji ya goya masa baya. "Malam, kai ne direbanta? Ka taɓa jin irin wannan?"

Shi kuwa ya ajiye kofi, idonsa yana ƙyalli, ya ce, "Tambaye ta ko ni wane ne."

Denis ya ce, "Madam, wane ne wannan?"

Na kalli gwangwanin sukari. Na ce, "Wani ne da ya rage mini hanya."

"Ɗanta ne ni, na fari," in ji shi. "Shekarata hamsin da biyar, likita ne ni, ita ta reni 'ya'yana. Ni kuwa kakata ce ta rene ni a Funtuwa. Gwaggo, nuna masa yadda kika ajiye lambata a waya."

Na ce ba zan nuna ba. Shila ta fizge wayar daga kan tebur, shi kuma ya kira ni da tasa. Allon ya kawo haske: Mai Mota. Da ya fassara musu, Denis ya bugi tebur har wake ya yi tsalle.

"Faɗi sunansa! Sau ɗaya tak. Zan saye miki kek ɗin shagon nan gaba ɗaya."

"Allah ya kiyaye. Riƙe kek ɗinka."

"To ki raɗa mini a kunne!"

"Malam Denis, ka girmi wannan wasa."

Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, 'yan teburin kusa suna taya shi ba su san dalili ba. Can sai ya daina dariyar. Ya dubi likitan ya ce, "Kai abin bai taɓa yi maka ciwo ba?"

Likitan ya ce, "Ni a Funtuwa na girma. Duk layinmu haka ake wa 'yan fari, kowa ya san ma'anarsa, har alfahari muke yi. Amma da a Canning Town aka yi mini haka, ba mai gaya mini..." Shila ta cusa fuska a gyalenta.

Denis ya zauna yana kallon faifai. Hannunsa ya tafi kan dabinon nan, irin na mutumin da tunani ya ɗauke, ya nufi baki da shi. Shila ta kai masa duka a hannu.

"Denis! Babana ne!"

Ya dubi dabino, ya dube ta. Ya matsar da 'ya'yan nan uku, ya buɗe wuri a farkon layi, ya ajiye shi a hankali. Sannan ya ciro waya ya kira mai sassaƙa, ya ce suna huɗu ne, kuma na Musa ne a sama.

Ranar kafa dutse an yi yayyafi, kamar kullum. Jikoki da tattaɓa-kunne sun cika wurin, fari da ja da wankan tarwaɗa, ba mai jin Hausa ko ɗaya. Likita ya yi wa Garba addu'a, suka ce amin da bakinsu mai nauyi. Da za mu tafi Shila ta rungume ni, ta sa baki a kunnena ta ce, "Ki kira naki sau ɗaya, Misis Asabe. Nawa ya jira har ya mutu."

A mota sai ga babban nan nawa yana leƙena ta madubi. "Gwaggo, me ƙawarki ta ce?"

Na ce, "Kai, dubi hanya."

Da la'asar na zauna a falo, na jawo akwatin Madam Beril, na zaro sabon kati, na feƙe fensir. Bakina dai ba zai iya ba, haka aka gina shi. Amma na ga abin da shiru ya yi wa gidan Garba shekara ɗari, kuma nawa jikokin da Turanci suke amsa mini. Na rubuta sunan cikakke, da rubutun nan nawa na mamata, na ƙara a ƙasa: ɗana ne, na fari. Na sa hannu. Katin yana cikin akwati, a gaba, kafin na kowa.

Ku masu dannawa, in ranar ta zo kuna neman wanda Asabe ta haifa, ba ya cikin waya. Ku ɗaga murfin akwati. Kuma ku ci abinci ku ƙoshi kafin ku matso kusa da faifaina.